Kwas na intanet, zaure, NOUN ko karatun kai da kai: wace hanya ce ta dace da mai son karanta tsofaffin littattafan adabi?

Akwai mutanen da suka gama makaranta tuntuni, suka kama aiki ko kasuwa, amma sunayen wasu littattafai ba su daina yi musu yawo a ka ba. Shakespeare da aka ɗan taɓa a sakandare don jarrabawa aka wuce. Maƙamatul Hariri da suka ji dattawa na ambata da girmamawa. Dare Dubu Da Ɗaya, Don Quixote, ko ma Magana Jari Ce da rabonsu da shi tun firamare. Yanzu ga waya a hannu, hanyoyi sun yi yawa, sai mutum ya rasa wadda zai kama: ya yi rajistar kwas a Coursera ko edX, ya shiga NOUN, wato jami'ar tarayya ta karatu daga gida, ya sauke littafin ya zauna da shi shi kaɗai, ko ya nemi malami ya durƙusa a gabansa?

Ra'ayina tun da farko shi ne, kwas sharhi ne, littafin kuwa shi ne matani. Wanda ya sha sharhi bai buɗe matani ba, labarin littafi ya ji, bai karanta shi ba. Da wannan idon na auna hanyoyin.

Abin da za a duba kafin a zaɓa

Na farko kuɗi, kuma ba kuɗin rajista kaɗai ba. A wajenmu data da caji su ne kuɗin makarantar intanet na gaskiya. Lacca ta awa guda a bidiyo, ko an rage kyan hoton, takan ci megabayit ɗari biyu ko fiye, alhali duk rubuce-rubucen Shakespeare a rubutu zalla ba su wuce megabayit 6 ba. Tun da hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, wannan bambanci ya daina zama abin wasa.

Na biyu ɗorewa, kuma iri biyu ce: shin abin zai kasance a hannunka bayan shekara biyu, ko za a rufe maka ƙofa? Sannan shin zai zauna maka a kai?

Na uku sauƙi: da wane harshe ake koyarwa, wace irin waya ake bukata, wane lokaci zai ci.

Na huɗu, wanda na fi bai wa nauyi, shi ne mai gyara. Idan ka karanta jimla ka fahimce ta a baibai, wa zai ce maka "a'a, koma baya"? Tsohon littafi cike yake da wuraren da mutum zai yi zaton ya gane alhali ya kauce.

Sai haɗari, da kuma takardar shaida ga mai bukatarta.

Kwas mai rajista: Coursera, edX da 'yan uwansu

Dukansu biyu a 2012 suka fito. Malamai biyu na jami'ar Stanford, Andrew Ng da Daphne Koller, su suka kafa Coursera, edX kuwa haɗin gwiwar Harvard da MIT ce. Masu Larabci suna da Rwaq ta Saudiyya da Edraak ta Jodan, 'yan uwanmu na Nijar masu Faransanci kuma suna da FUN, wadda gwamnatin Faransa ta buɗe a 2013.

A fagen adabi akwai kaya masu kyau ƙwarai. Harvard na da kwas kan manyan littattafan duniya wanda David Damrosch da Martin Puchner suka koyar, ya taɓo labarin Gilgamesh da Odyssey da Dare Dubu Da Ɗaya. Gregory Nagy na da nasa kan jaruman tsohuwar Girka, Stephen Greenblatt kuma kan wasannin Shakespeare. Waɗannan malamai ne da ɗalibai ke biyan dubban daloli su zauna a ajinsu. An yanka darussan gajeru-gajeru, akwai rubutun abin da malami ke faɗa a ƙasan bidiyo, akwai tambayoyi a ƙarshen kowane kashi.

Kalmar "kyauta" ce ke bukatar a yi mata kallon tsanaki. A edX kana iya bin kwas ba ka biya ba, amma na 'yan makonni ne, daga nan a kulle, kuma ayyukan da ake ba maki da takardar shaida sai an biya, sau da yawa daga dala 50 zuwa sama. Coursera ma ta yi ta matse abin da ake gani kyauta, har ta kai a kwasa-kwasai da yawa kashin farko kaɗai za ka leƙa. Akwai neman tallafi, inda za ka rubuta dalilinka ka jira amsa, kuma ana dacewa. Wanda zai biya da kansa kuwa, sai ya fara tabbatar katin bankinsa na naira yana biyan kuɗin waje, don an yi shekarun da bankuna suka toshe wannan hanya.

Ɗorewa ita ce rauninsu. A 2016 Coursera ta rufe tsohon dandalinta, kwasa-kwasai masu yawa suka ɓace daga idon jama'a. A 2021 an sayar da edX ga kamfanin 2U a kan dala miliyan 800, a 2024 kuma kamfanin ya nemi kariyar kotu saboda bashi. Dandalin yana nan yana aiki, amma abin da yake a shagon wani ba naka ba ne.

Babban haɗarin ma ba wannan ba ne. Wani bincike da Justin Reich da José Ruipérez-Valiente suka wallafa a mujallar Science a 2019, kan kwasa-kwasan Harvard da MIT a edX, ya nuna cewa a zangon 2017 zuwa 2018 kimanin kashi 3 cikin 100 na masu rajista ne suka kai ƙarshe. Cikin waɗanda suka biya kuɗin takarda kuwa, kashi 46 ne. Wato ko wanda ya cire kuɗi daga aljihunsa, fiye da rabi sun watsar. Kuma ko cikin masu gamawa, a kwas na adabi mutum na iya cin tambayoyin zaɓi-ɗaya daga abin da malami ya faɗa a bidiyo, ya karɓi takarda, bai karanta shafi 20 na littafin ba. Mai gyara kusan babu. Malamin ba ya ganin rubutunka, in an ce a rubuta sharhi, ɗalibai 'yan uwanka ne za su duba, wani ya rubuta maka kalma biyu na yabo ya wuce.

Akwai ƙanen wannan hanya da na fi so: laccocin da jami'o'i suka saki ba rajista ba wa'adi. Yale ta fara sakin nata a 2007, kuma a ciki akwai cikakken zango kan Don Quixote daga Roberto González Echevarría, kan Dante daga Giuseppe Mazzotta, kan Milton daga John Rogers, kowanne lacca 20 da 'yan kai. Ajin gaske ne aka ɗauka, har tarin ɗalibai kana ji. Kowace lacca an faɗi surorin da za a karanta kafin a saurare ta. Ana iya sauke murya kaɗai ko rubutun laccar a ajiye a katin waya, ba mai ƙwace maka. Takarda dai babu, mai tambayarka ina ka tsaya ma babu. Turancin kuma na jami'a ne, ba a sassauta shi don baƙo ba.

Kai da littafi, ba kowa a tsakani

Wannan ita ce mafi araha nesa ba kusa ba. Project Gutenberg, wanda Michael Hart ya fara a 1971, yana da littattafai fiye da 70,000 da haƙƙin mallakarsu ya ƙare. LibriVox, tun 2005, masu sa kai ne ke karanta irin waɗannan littattafai da murya, ka sa a kunne kana bin rubutun da ido, abin da ke taimakawa sosai a waƙa da wasan kwaikwayo. Ɗakin karatu na Folger ya saki wasannin Shakespeare a tsaftace kyauta. Na Larabci akwai Maktaba Shamila da gidauniyar Hindawi, na Faransanci akwai Gallica. Ka sauke sau ɗaya, ka karanta shekara goma ba data.

Matsalar farko ita ce bugun da za ka samu. Littafi ba ya zama na kowa sai ya tsufa, don haka fassarar da ke kyauta ita ma tsohuwa ce. Odyssey da za ka gani a Gutenberg, ko dai ta Alexander Pope ce ta ƙarni na 18, a waƙe, ko irin ta Samuel Butler ta 1900. Sababbin fassarori masu sauƙin harshe da bayanan gefe na kuɗi ne. Mutum sai ya ɗauka littafin ne ya fi ƙarfinsa, alhali Turancin mai fassarar ne ya tsufa. A Larabci kuma wahalar ita ce rubutun da ba wasali. Baitin jahiliyya ba wasali ba sharhi, ga wanda nahawunsa bai nuna ba, bango ne. Wasu kwafe-kwafen kuma cike suke da kuskuren bugu, ba ka da yadda za ka gane.

Na Hausa lamarinsu daban ne. Littattafan gasar 1933 da Rupert East ya shirya a Zariya, wato Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Shaihu Umar, Idon Matambayi da Jiki Magayi, da Magana Jari Ce da ya biyo baya, ba su fita daga haƙƙin mallaka ba. Dokar Najeriya ta ce shekara 70 bayan rasuwar marubuci, Abubakar Imam kuwa a 1981 ya rasu. Hotunan shafukan da ake turawa a WhatsApp ba halattaccen bugu ba ne, kuma sau da yawa za ka tarar an tsallake shafi ko hoton ya dushe a daidai inda labari ya yi daɗi. Bugun takarda na kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ba shi da tsadar da za ta sa a jure wa wannan. Ga mai tsoron Shakespeare ma akwai ƙofa ta Hausa: Ibrahim Yaro Yahaya ya mayar da ɗaya daga wasanninsa Hausa da sunan Daren Sha Biyu.

Mai gyara babu ko kaɗan. Mai tura ka ma babu. Kuma wayar da littafin ke ciki ita ce dai wayar da TikTok ke ciki.

Zaure da da'irar karatu

Wanda bai taɓa zama a zauren ilimi ba zai yi mamakin jin cewa adabi na cikin manhajarsa tun ƙarnoni. Bayan ɗalibi ya yi nisa a fiƙihu da nahawu, ya bi ta Ajurumiyya har Alfiyyar Ibn Malik, akan kai shi ga littattafan lugga: Ishiriniya, Burda, Daliyya, Maƙsurar Ibn Duraid, waƙoƙin shu'ara'ul jahiliyya, sannan maƙamomi 50 na Hariri, mutumin Basra da ya rasu a 1122.

Yadda ake yi shi ne abin lura. Ɗalibi ya matso da littafinsa ya buɗe inda ya tsaya jiya. Ya ja kalma biyu ko uku da Larabci, malam ya fassara da Hausa, ɗalibi ya ce "na'am", ya ja na gaba. In ya sa wa kalma wasalin da ba nata ba, malam ba ya ko ɗaga kai, sai ya maimaita kalmar daidai, ɗalibi ya sake. Sauran da ke jiran layi suna ji, wasu na bi a nasu littafin, suna rubuta ma'ana da ƙananan haruffa a ƙarƙashin layi. In malam ya ga ya isa sai ya ce "Wallahu a'alamu", a rufe, na gaba ya matso. Layi biyar ko goma ke nan a rana. Amma ba kalma ɗaya da ta wuce ba a taɓa ta ba, kuma bakinka ne ya furta ta a gaban wanda ya sani.

Babu wani kwas na intanet da ke ba da wannan. Kuɗinsa kuma ba a yanke ba: littafi ne za ka saya, irin bugun Misira ko Beirut da ake samu a kasuwar Kurmi da makamantanta, sai alherin da ka ga za ka iya yi wa malam. Abin da aka karanta haka yana zama a kai har tsufa.

Illolinsa ma a fili suke. Yana da jinkiri, littafi ɗaya na iya cin shekara biyu ko fiye. Lokacin malam za ka bi, bayan asuba ko tsakanin magariba da lisha, ba naka ba. Malamin da ya iya Hariri da gaske ba a kowace unguwa yake ba, kuma in ya yi tafiya ko ya kwanta ciwo karatu ya tsaya. Mata ba su cika samun wannan ƙofa a buɗe ba sai in malamin na gida ne. Sannan a zaure da yawa lugga ake nema: za a warware maka kowace kalma, amma da wuya a tsaya a tambayi me ya sa Abu Zaid, mayaudarin da ke cikin maƙamomin, yake burge mu duk da ƙaryarsa. Wannan irin tambaya ita ce ƙarfin laccar jami'a. Kuma zaure na Larabci ne, ba inda za ka kai Dante.

Karatukan malamai da aka naɗa ake yaɗawa a Telegram da YouTube suna da amfani, amma a sani rabin zaure ne: kana jin malam, shi ba ya jin ka.

Ga littattafan Hausa da na Turanci, abin da ya fi kusa da zaure shi ne mutum biyar ko shida su haɗu su yanke sura ɗaya a mako, su zauna ranar Asabar ko su yi kiran murya, kowa ya karanta sakin layi da baki ya faɗi abin da ya fahimta. Ba lallai a samu gwani a ciki ba, amma kuskuren mutum ɗaya da wuya ya tsallake kunne biyar. In aka bar ƙungiyar ta kai mutum 200 kuwa, ta mutu: gaisuwar Juma'a da tallan atamfa za su cinye ta.

NOUN

An kafa ta a 1983, aka dakatar a 1984, aka farfaɗo da ita a farkon shekarun 2000. Tana da cibiyoyin karatu a faɗin jihohi, tana ba da digiri a Turanci da Larabci da sauransu. Ana biyan kuɗin zango, da na kowane kwas, da na kowace jarrabawa, duk da naira. Aikin gida na kwamfuta kashi 30 ne, jarrabawa kashi 70. Takardarta ta jami'ar tarayya ce, wadda ma'aikata ke karɓa.

Sai dai digiri ne, shekara huɗu ko fiye, da kwasa-kwasan dole da ba su da alaƙa da littafin da ya ja ka. Kuma jarrabawa daga kundin darasi take fitowa, don haka ɗalibi mai wayo kundin yake haddacewa ya bar littafin. Kundayen nan suna shafin jami'ar kyauta, ko ba ɗalibi ba yana iya saukewa ya yi jagora da su.

A taƙaice cikin jadawali

| Hanya | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙi | Mai gyara | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Kwas mai rajista | Data mai yawa, takarda da dala | Ana kullewa | Tsararre, amma sai Turanci mai ƙarfi | Kusan babu | Watsarwa, ko gamawa ba a karanta ba |
| Laccocin jami'a sakakku | Data, kaɗan in murya ce | Naka ne in ka sauke | Harshen jami'a | Babu | Sauraro ya maye gurbin karatu |
| Kai da littafi | Kusan kyauta | Naka ne | Ya danganta da bugu | Babu | Tsohuwar fassara, fahimtar baibai |
| Zaure | Littafi da alheri | Mafi zama a kai | Lokacin malam, jinkiri | Kowace kalma | Rashin malami, tsayawar karatu |
| Ƙaramar da'ira | Kaɗan | Gwargwadon mutanen | Mai sauƙi | 'Yan uwa | Watsewa |
| NOUN | Kuɗin zango na shekaru | Takarda ta dindindin | Jarrabawa da zuwa cibiya | Kaɗan | Haddar kundi |

Wa ya kamata ya ɗauki wacce

In ƙarin girma a wurin aiki kake nema, ko kana koyarwa kana bukatar digiri, NOUN ce, kada ka ɓata dala a takardar kwas na mako shida da ba ta cikin tsarin albashi. Amma ka sa wa kanka dokar karanta littafin da kundin ke magana a kai.

In Hariri ko waƙoƙin jahiliyya ne burinka kuma akwai malami a garinku, kada ka tsaya shawara. Ka je, ka ajiye Shamila a waya don duba sharhi da daddare. In babu malami, ka haɗa naɗaɗɗen karatu da bugu mai wasali, ka nemi ko ɗalibi ne da ya fi ka ya riƙa sauraronka sau ɗaya a mako.

In Turancinka ya kai kana karanta jarida ba ƙamus, kuma babban littafi ɗaya kake son gamawa, irin Don Quixote, to laccocin Yale da littafin a gefe sun fi kwas mai rajista. Sharaɗi ɗaya ne: ba a kunna lacca sai an gama surorinta.

Kwas mai rajista ya dace da wanda bai san ma daga ina zai fara ba, yana son a zagaya da shi ya ga me ke akwai kafin ya zaɓi littafi. Ya shiga ta hanyar kyauta ko ta tallafi, ya rubuta sunayen littattafai biyu ko uku da suka ja hankalinsa kafin a kulle.

Mai son komawa ga adabin Hausa, intanet ba ta da abin kirki da za ta ba shi a sigar kwas. Ya sayi bugun takarda, ya tara abokai kaɗan, a riƙa karantawa da baki, don littattafan Imam da murya suka fi daɗi.

Uwargida da ba ta samun fita, ko ɗan kasuwa da ke wuni a shago da ƙaramar waya da data ta ƙididdiga, su sauke rubutu da murya sau ɗaya inda aka samu intanet mai arha, su zaɓi gajeren littafi da za a iya gamawa cikin wata guda, su samu mutum ɗaya, ƙawa ko ƙani, da za su riƙa tura wa saƙon murya duk Juma'a suna ba shi labarin inda suka kai.